Sunan Abdullahin Gwandu Yana Bango, Maganarsa Tana Ina?

Abin da ya jawo wannan ɗan rubutu ya faru ne a cikin aji. Ina koyar da 'yan babban aji biyu na sakandare tarihin rubutacciyar waƙa a ƙarni na 19, sai na rubuta sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a kan allo, na juyo na ce, "To, wa zai gaya mana ko wane ne wannan?" Hannuwa suka tashi kamar da gaske. Na farko ya ce ƙanen Shehu Usmanu ne. Na ce madalla, sai kuma me? Aji ya yi tsit. Can sai wata yarinya ta ce ta san sunan wani ɗakin karatu ne a Sakkwato, don yayanta da ke jami'a yana yawan ambatonsa. Daga nan babu wanda ya ƙara ko da kalma ɗaya.

Ban ga laifin yaran nan ba, domin ni ma da aka yi mini wannan tambaya ina kamarsu, iyakar abin da zan faɗa ke nan. Amma abin ya tsaya mini a rai. Ga mutumin da muka ɗora sunansa a kan fada da jami'a da titi, muke kuma yin tattaki zuwa kabarinsa, amma 'ya'yanmu ba su san shi da komai ba sai da yayansa. Shi ya sa na ga ya dace in gayyaci 'yan uwana marubuta mu zauna mu yi wa abubuwan da muke tunawa da shi nazari, kamar yadda za mu yi wa littafi ko waƙa: me suke faɗa wa mai kallo, me kuma suka yi shiru a kansa? Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Wane Ne Mutumin?

Kafin mu yi nisa, bari mu tuna wa juna a taƙaice. An haifi Malam Abdullahi wajen shekarar 1766. Yana tare da Shehu a yawon wa'azi, yana tare da shi kuma a hijirar da aka yi daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. A watan Yuni na wannan shekara shi ya jagoranci rundunar jama'a a Tabkin Kwatto, inda aka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa. A 1805 yana kan gaba wajen cin Birnin Kabi, a ƙarshen shekarar kuma yana cikin waɗanda suka sha kashi a Alwasa. Da Shehu ya raba aikin tafiyar da ƙasa a 1812, ya ba shi yamma, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas. Ya rasu a Gwandu a 1829. Duk da wannan ɗawainiya ta yaƙi da mulki, alƙalaminsa bai bushe ba: ya yi tafsirin Alƙur'ani mai suna Diya'ut Ta'awili, ya yi Diya'ul Hukkami a kan aikin masu mulki da alƙalai, ya yi rubutu a nahawu da sarfu, ga kuma waƙoƙi. Wato idan da kalmomin zamani za a yi magana, janar ne, gwamna ne, shehun malami ne, kuma marubuci ne irinmu.

Allon Suna

Hanya ta farko da muke tunawa da shi ita ce raɗa wa wurare sunansa. Fadar Sarkin Gwandu da ke Birnin Kabi da sunansa ake kiran ta. Babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato sunansa ne a kai. Akwai titi da sunansa a cikin Sakkwato, jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero ita ma sunansa take ɗauke da shi yanzu. Babu mai hankalin da zai ce wannan bai dace ba. Hasali ma dai wanda ya zaɓi ya sa sunan Abdullahi a ɗakin karatu ya san abin da yake yi, don da za a tashe shi a tambaye shi inda ya fi so a ajiye sunansa, ina kyautata zaton tsakiyar littattafai zai nuna.

Sai dai allon suna yana da wata naƙasa guda: suna kawai yake riƙewa, ba ya ba da labari. Kwana kaɗan sai sunan ya zama adireshi. Mai Keke Napep ya san titin, bai san mai titin ba. Ɗalibi ya yi shekara huɗu yana shiga ɗakin karatun yana fita, ba lalle ne ya taɓa buɗe shafi ɗaya na mai sunan ba. Mun ga haka a kan Janar Murtala Muhammad, wanda aka kashe a 1976, jiya-jiyan nan idan aka kwatanta da Abdullahi: hotonsa yana kan naira ashirin, sunansa yana filin jirgin sama na Legas da babban asibitin Kano, amma ka tare yaro ka tambaye shi me Murtala ya yi a wata shidan da ya yi yana mulki, ka ji abin da zai faɗa. To, in haka ta samu wanda iyayenmu suka gani da idonsu, ina ga wanda ya kusa shekara ɗari biyu a ƙasa?

Hubbare

Hanya ta biyu ita ce hubbarensa da ke garin Gwandu. Allah ya nufe ni da ziyartarsa sau ɗaya tare da wasu abokan aiki. Gani ya kori ji. Akwai wata natsuwa da ke sauko wa mutum idan ya tuɓe takalmi ya tsaya kusa da kabari, ya tuna cewa wanda ke kwance a nan ya ja runduna, ya yi hukunci, sarakuna sun rusuna masa, yau ga shi ba abin da ya rage masa sai addu'ar masu wucewa. Wannan darasi ne da allon suna ba zai taɓa bayarwa ba, kuma a nan hubbare ya ɗara allo nesa ba kusa ba.

Amma da muka fito muna hira da masu ziyara, na lura duk zancen a kan waliyyi ake yi. Wannan ya kawo labarin wata karama, wancan ya kawo wata. Ban musa wa kowa ba, ba kuma hurumina ba ne. Abin da na rasa shi ne mutumin: wanda kibiya ta sama a ƙafa a farmakin farko da aka kai wa Alƙalawa, wanda ya ga abokan karatunsa sun ƙare a fagen fama, wanda ransa ya ɓaci da mutanensa har ya juya musu baya. Waliyyi ana neman albarkarsa, ba a cika tunanin yin koyi da shi ba, don kowa yana ganin ya fi ƙarfinsa. Mutum kuwa, wanda ya ji ciwo ya yi fushi ya kuma haƙura, shi ne yaro zai kalla ya ce ni ma zan gwada.

Mu Musulmi ba ma sassaƙa gunkin mutum mu kafa a mararraba kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe, kuma ba mu yi asarar komai ba da barin haka. Amma sai mu san cewa wannan ya ɗora nauyin a kan kalma. Abin da dutse ke yi wa wasu, mu tawada ce za ta yi mana shi. Magabatanmu sun gane haka. Da Abdullahi ya rasu, Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi masa marsiyya da Fulatanci, kuma duk wanda ya san marsiyoyinta ya san halin mamaci da iliminsa suka fi damun ta a kan yawan garuruwan da ya ci. A zamaninmu ma Malam Bello Sa'id ya yi hidimar tattara waƙoƙin masu jihadi a nazarinsa na 1978 a Jami'ar Bayero. Tambayar ita ce, daga wannan hidima me ya gangaro zuwa hannun mai karatu na yau da kullum?

Abin Da Ya Gina Wa Kansa

A nawa ɗan guntun fahimta, mafi ingancin abin tunawa da Malam Abdullahi shi ne wanda ya gina wa kansa, wato littafin Tazyinul Waraƙati da ya kammala a 1813. Tsarin littafin kansa abin koyi ne ga marubuci. Ya ɗauko waƙoƙinsa na Larabci ya jera su bisa yadda shekaru suka zo, a tsakanin kowace waƙa da mai bi mata kuma sai ya sa ɗan bayani a zube: ga inda muke, ga abin da ya faru, ga dalilin da ya sa na yi wannan waƙa. Da haka sai kundin waƙa ya zama tarihin rayuwa, ya kuma zama tarihin jihadin daga bakin wanda aka yi abin da shi. Akwai yabon malamansa irin su Malam Jibrila, akwai makokin abokai, akwai murnar nasarar Kwatto.

Da a nan ya tsaya, da littafin bai fi sauran littattafan kirarin mazaje ba. Abin da ya ɗaga darajarsa shi ne abin da ya biyo baya. Da ya zo kan Alwasa bai ɗora laifin a kan yawan abokan gaba kawai ba, ya juyo kan nasa mutanen, ya nuna cewa niyya ta fara gurɓata, kwaɗayin ganima ya shigo. Sai kuma babban al'amari, wanda ya faru a shekara ta huɗu bayan hijira, wato wajen 1807. Runduna ta ɗaura niyyar Alƙalawa, shi kuwa Abdullahi ya duba ya ga mutanen kirki sun ƙare a yaƙe-yaƙe, waɗanda suka maye gurbinsu kuma hankalinsu yana kan sarauta, da tara ƙwaraƙwarai da riguna da dawakin ado, da karɓar hanci, har da sayar da mutanen da ba bayi ba. Sai ya sulale ya bar rundunar, shi da mutum biyar, ya fuskanci gabas da niyyar Madina. Ya ba da labarin yadda suka kwana uku a dokar daji ba su ga ɗan Adam ba sai sawun giwaye. Da ya iso Kano mutanen gari suka tsare shi, suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake tafiyar da hukunci. A nan ya rubuta Diya'ul Hukkami, ya karantar da tafsiri, daga baya ya haƙura ya koma gida.

Ya kai mai karatu, ka dubi lokacin da ya rubuta wannan. A 1813 an riga an ci Alƙalawa da shekara biyar, shi ne kuma ke riƙe da yammacin daula. Ba abin da zai hana shi tsallake wannan babi, ya bar mana Kwatto da Birnin Kabi kawai. Bai yi haka ba. Bai kuma tsame kansa ba, don ya ambata cewa shi ma yana jin tsoron abin ya shafe shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan mai ɗakin ya ɗauki alƙalami ya nuna wurin. Shi ya sa nake ganin allunanmu da hirarrakinmu na hubbare sun rage wa Abdullahi tsawo. Sun ba mu gwarzon Kwatto, sun ɓoye mana mutumin da ya bar runduna saboda gaskiya, alhali kuwa wannan na biyun shi muka fi bukata a yau.

Inda Littafin Ya Gaza

Kada a ce na zo yabo kawai, littafin yana da nasa gibi. Na farko, harshensa. Malam Abdullahi ya bi sawun mawaƙan Larabawa na dauri, da kukan kufai da siffanta raƙuma da kalmomin da ko ɗalibin Larabci sai ya riƙe ƙamus. Ga malaman zamaninsa wannan ado ne, ga Bahaushen yau kuwa katanga ce. Baturen nan Mervyn Hiskett ya buga littafin da fassarar Ingilishi a Ibadan tun 1963. Ke nan mai jin Turanci ya fi shekara sittin da samun ƙofar shiga, ni kuwa har yau ban iya ɗauko kwafin Hausa daga kantar makarantarmu in miƙa wa ɗalibi ba.

Na biyu, murya ɗaya ce ke magana a ciki, muryar wanda ya yi nasara. Bagobirin da aka ƙone wa gari, da Bakaben da aka raba da gidansa, ba su sami baki ba. Mu mutanen kudancin Katsina bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Ga 'Yandoto nan maƙwabtanmu a ƙasar Tsafe, tsohon garin malamai, waɗanda da yawansu ba su karɓi kiran Shehu ba har Muhammadu Bello ya yaƙe su. Ga zuriyar sarakunan Katsina na da, da suka koma Maraɗi bayan Malam Ummarun Dallaje ya hau. Su ma suna da nasu labarin. Ba a tsammanin sarkin yaƙi ya rubuta tarihin abokin gabansa, amma mu da muka zo bayan shekara ɗari biyu, muka kuma haɗa jini da ɓangarorin biyu, ba mu da wannan uzuri.

Yadda Wasu Ke Yi

Don mu auna kanmu, bari mu ɗan leƙa wata ƙasa da ita ma take da janar wanda ya ja yaƙin juyin juya hali, daga baya ya riƙe mulki. Amurkawa sun sa wa babban birninsu sunan Joji Washinton, sun gina masa hasumiya mai tsawon mita 169 da aka kammala a 1884, hotonsa kuma yana kan takardar dala ɗaya. Duk wannan allon suna ne, sai dai nasu ya fi namu tsada. Abubuwa biyu ne suka ja hankalina. Na ɗaya, tun daga 1896, kowace shekara Majalisar Dattawansu takan keɓe lokaci wani daga cikinsu ya miƙe ya karanta jawabin ban kwana da Washinton ya rubuta a 1796, wanda a ciki ya gargaɗe su kan rarrabuwar kai. Wato ba su bar maganar mutumin ta mutu ba. Na biyu, a gidan gonarsa da ke Jihar Bajiniya, an kafa abin tunawa da bayin da suka yi masa bauta a 1983, ba su kuma ga cewa hakan ya rushe shi ba. Ba cewa nake mu kwaikwayi Amurka ba. Mu da muke da al'adar karatun littafi a zaure da masallaci, mu ya fi cancanta a ce kowace shekara ana zama ana karanta Diya'ul Hukkami a gaban masu mulki, ana fassara musu.

Ina Ruwanmu?

Wani zai ce, Malam, mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da ke kwana da ido ɗaya, ina su ina zancen hubbare? Ai saboda haka ɗin ne ma nake maganar. A cikin ajin nan da na ambata akwai yaran da iyayensu suka baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga. Ba mu manta da watan Disambar 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Yaron da ya tashi yana ganin mai makami shi ne mai magana, yana bukatar ya ji cewa a ƙasar nan an yi sarkin yaƙin da ya ce makami ba tare da adalci ba fashi ne, ya kuma bar runduna a kan haka. Mai riƙe da amanar jama'a shi ma yana bukatar ya ji cewa ƙorafin da talaka ke yi a kansa yau, wani ya riga ya rubuta shi tun kafin a haifi kakansa.

Bugu da ƙari, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da yake mun bar tarihin jihadi a hannun alluna, yanzu a wayar hannu yaranmu ke koyonsa. Wasu su ce musu duk wanda ya riƙe tuta ma'asumi ne, wasu su ce musu duk abin ƙwace ne na wata ƙabila a kan wata. Kowane ɓangare ya yanki rabin da ya yi masa daɗi. Wanda ya karanta Abdullahi da kansa ba zai yi saurin faɗawa ko ɗaya daga cikin ramukan nan ba, don zai ga mutumin da ya yi imani da abin da ya fito yi, ya kuma fi kowa sukar yadda aka yi shi.

Na san akwai masu ganin tono irin wannan rashin ladabi ne ga magabata. Amsata gare su ita ce, ba mu muka tono ba, shi ya rubuta ya bari don a karanta. Rashin ladabin shi ne mutum ya bar maka wasiyya ka naɗe ta ka sa a bakin rufi, sa'an nan ka rubuta sunansa a ƙofar gida.

Aikin Da Ke Gabanmu

'Yan uwa, ba mu da kuɗin gina hasumiya, ba a kuma tambaye mu ba. Abin da ke hannunmu shi ne alƙalami. Waɗanda Allah ya ba Larabci a cikinmu su haɗa kai da masu Hausa mai daɗi a fitar da Tazyinul Waraƙati cikin harshen da ɗan sakandare zai gane, da ɗan bayani a ƙarƙashin kowace waƙa. Masu ƙagaggen labari, da muka cika kasuwa da soyayya, ga tafiyar mutum shida cikin daji tana jiran mai rubutawa. Masu wasan kwaikwayo kuwa, ban san abin da kuke jira ba. Shehu ya rasu a 1817, Abdullahi ya taho Sakkwato ya tarar an riga an yi wa ɗan wansa mubaya'a, ya juya da ɓacin rai. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Bayan 'yan shekaru tawayen Kalambaina ya tsananta masa, Bello ya kawo masa ɗauki. Masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu Bello ya yi haramar sauka daga doki don girmama baffansa, shi kuwa ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Dattijo ya haɗiye fushinsa a gaban runduna don kada jama'a ta rabu. Idan wannan bai isa dandamali ba, me zai isa? Sai dai wanda zai rubuta ya ji tsoron Allah, ya bambance abin da tarihi ya tabbatar da abin da shi ya ƙara, ya kuma bar wa mutanen Kalambaina bakin magana.

Ni dai na fara da abin da nake iyawa. Mako guda bayan waccan tambaya na koma ajin, na ajiye manhaja gefe na minti ashirin, na ba su labarin barin runduna da zaman Kano. Da na gama, wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to da ya koma, mutanen sun gyara?" Na ce masa wannan tambaya ta fi ƙarfin darasi ɗaya, ya rubuta ta a bayan littafinsa, za mu dawo kanta. Ina fata kafin ya gama makaranta wani daga cikin masu karanta wannan mujalla ya rubuta littafin da zan miƙa masa.

Allah ya jiƙan Malam Abdullahi, ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya kuma yi wa alƙalumanmu albarka, amin.

Tafoki, Ƙaramar Hukumar Faskari.